Yadda Matan Unguwanni Suka Haɗa Kai a Minna

A watan Fabrairu na 1976, lokacin da Janar Murtala Muhammad ya yanke Jihar Neja daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, aka mai da Minna helkwata, garin da a da aka fi saninsa da tashar jirgin ƙasa da gonakin Gwari, cikin ma'aikatan da suka taso daga Sakkwato har da wani malami Banufe, Shaihu Ahmad Lemu, wanda aka naɗa Alƙalin Alƙalai na sabuwar jihar, tare da matarsa Hajiya A'isha Lemu, Baturiyar Ingila da ta musulunta a 1961. Ba su zo hannu rabbana ba. Sun zo da ƙungiyar Islamic Education Trust, wadda suka kafa a Sakkwato a 1969 su da Alhaji Sani Ashafa Sulaiman, domin samar da malamai da littattafan addini ga yaran makarantun boko, waɗanda a wancan zamani da yawansu kan gama karatu ba su iya farillan alwala ba.

Amma a ganina babban aikin da aka yi a Minna na mata ne. Tun kafin lokacin akwai majalisun ta'alimi a unguwanni, inda matan aure kan taru bayan La'asar a zauren wani attajiri ko ajin firamaren da yara suka tashi, wata da goyo, wata da ledar cefane a gefen benci, ana biya musu Ahalari da ƙananan surori. Sai dai kowace ƙungiya tana harkarta ita kaɗai, ta Kano ba ta san ta Ibadan ba. A watan Oktoba na 1985 wakilan waɗannan ƙungiyoyi suka hallara a Minna, suka ƙulla tarayyar da ake kira FOMWAN, suka zaɓi Hajiya A'isha ta zama Amira ta farko.

Daga nan al'amura suka sake kama. Matan da suka saba da adashi da gudummawar biki suka juya wannan ɗabi'a ga gina makarantu da ɗakunan shan magani da gidajen marayu, kuma da yake mace ce ke shiga inda aka rubuta "ba shiga", su ne suka riƙa isar da zancen allurar rigakafi da karatun 'ya mace ga matan kulle, abin da jami'in hukuma namiji, ko da yana da takarda a hannu, zai ƙare a zaure ne kawai.

Shaihu Lemu ya karɓi lambar Sarki Faisal ta hidimar Musulunci a 2014. Hajiya A'isha ta rasu a Janairun 2019, shi kuma a Disamban 2020, duk a Minna, Allah ya jiƙansu.