TSAKANIN RUWA DA WUTA: TARIHIN NA'URORIN BUSAR DA GASHI DA MIƘAR DA SHI

Kwanakin baya na raka wata abokiyar aikina shagon gyaran gashi, sai na ga mai shagon ta ɗauko wata na'ura mai kama da awartakin maƙera, ta kama gashin wata baiwar Allah da ita tun daga tushe, ta ja a hankali zuwa baki. Gashin nan an wanke shi ne yanzu-yanzu, tawul kawai aka goga masa, amma sai ga shi yana fitowa a bushe, a miƙe, ba hayaƙi ba ƙauri. Abin ya ɗaure mini kai, domin kuwa ni na tashi ne ina ganin matajin ƙarfe da ake ɗorawa a kan risho ana jajibirin salla, kuma darasin farko da yayata ta koya mini shi ne, ba a kai ƙarfe mai zafi kan gashi mai lema. Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin yadda aka yi aikin da a da sai an raba shi biyu, a busar tukuna sannan a miƙar, ya koma aiki ɗaya.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a cikin silin gashi, don a nan ne maganar duka ta ta'allaƙa. Gashi an gina shi ne da wani sinadari da masana ke kira keratin, irin wanda ke cikin farce da ƙaho. Zarurrukan wannan sinadari a ɗaure suke da juna da ƙulli iri-iri, amma biyu ne suka shafe mu. Na farko ƙulli ne mai rauni, wanda ruwa ko zafi ke kwance shi, in gashin ya bushe ya huce kuma sai ya sake ƙulluwa a kan duk siffar da ya samu kansa. Shi ya sa in an tsefe kitso ake ganin sawunsa a jikin gashi har sai an wanke. Na biyu ƙulli ne mai ƙarfi wanda ke da farar wuta a cikinsa, ruwa ba ya kwance shi, sai magani mai kaifi. Duk wata na'ura ta zafi ko ta iska da ƙulli na farko take aiki, saboda haka aikinta na ɗan lokaci ne.

To a nan fa gizo ke saƙar. Lokacin da gashi ya fi sauƙin sarrafawa shi ne lokacin da yake jiƙe, amma kuma a lokacin ne ya fi rauni. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, shi kuwa ƙarfen miƙar da gashi yakan kai digiri 230. In aka matse jiƙaƙƙen gashi da irin wannan ƙarfe, ruwan da ke cikin silin sai ya tafasa nan take, tururi ya rasa mafita, ya kumbura silin daga ciki ya bar shi da kumfa-kumfa kamar soso. Irin wannan gashi da an taɓa shi sai ya karye. Wancan ƙara da muke ji kamar an jefa albasa a mai, alamar ɓarna ce.

Faransawa ne suka fara yin suna a wannan sana'a. A shekarar 1872 wani mai gyaran gashi a birnin Faris mai suna Marcel Grateau ya fito da dabarar gasa ƙarfe a wuta a lanƙwasa gashin mata da shi. Abin lura shi ne, matan da yake yi wa aiki gashinsu a miƙe yake, lanƙwasa suke nema. Wato ƙarfe mai zafi ya shigo sana'ar ne don ya yi akasin abin da muka san shi da shi. A 1888 kuma wani Bafaranshen, Alexandre Godefroy, ya ƙera na'urar busar da gashi ta farko: wata hula ce da ake kifa wa mace a ka tana zaune, an haɗa ta da bututun da ke jawo iska mai zafi daga murhun gas. Ita ce kakar babbar dirayar nan da ake cusa kai a ciki a shagunanmu har yau.

Ta hannu kuwa sai da wutar lantarki ta shiga gidaje. A 1911 wani Ba'amurke ɗan asalin Armeniya, Gabriel Kazanjian, ya yi rajistar ƙirƙirar irinta, kuma wajen 1920 ta shiga kasuwa. Kafin nan wasu mata a Amurka sukan juya injin zuƙe ƙura ne, su sa tiyo a inda iska ke fita, su busar da kai da shi. Dirayoyin farko na ƙarfe ne, nauyinsu ya kusa kilo ɗaya, ƙarfinsu kuma bai wuce wat 100 ba, alhali na yanzu sukan kai wat 1,500 zuwa 2,000. Hannu yakan gaji gashi bai bushe ba. Sai da roba ta maye gurbin ƙarfe, aka samu ƙananan injina masu ƙarfi, sannan abin ya zama na kowa a shekarun 1960 da 1970. Ya kuma ci rayuka, domin diraya in ta faɗa cikin ruwan wanka alhali tana jone da wuta, mutuwa ce. A farkon shekarun 1990 aka wajabta a Amurka cewa kowace diraya ta zo da wani makashi a jikin filoginta wanda ke yanke wuta da zarar ruwa ya shiga.

Wannan ke nan game da busarwa. Tarihin miƙarwa ya fi nauyi, domin ba a raba shi da tarihin baƙar fatar Amurka. Bayan an haramta bauta a can a 1865, baƙar mace da ke neman aiki a gidan Bature ko a shago ta tarar ana auna tsabtarta da hankalinta da yanayin gashinta. Gashi mai sulɓi shi ake kira mai kyau, irin namu kuwa ana ganin sa abin ɓoyewa. Saboda haka miƙar da gashi ba ado kaɗai ba ne a wurinsu, hanyar cin abinci ce.

Mata biyu ne suka mayar da wannan buƙata babbar sana'a. Ta farko Annie Malone, wadda ta kafa kamfanin Poro a birnin St. Louis, ta kuma buɗe makarantar koyar da gyaran gashi a 1918. Ta biyu Sarah Breedlove, wadda duniya ta sani da Madam C. J. Walker. An haife ta a 1867 a jihar Luwiziyana, ita ce ta farko a 'ya'yan gidansu da aka haifa cikin 'yanci. Ta yi shekaru tana wankau, ta yi tallan kayan Malone, daga baya ta ware ta kafa nata, ta gina masana'anta a Indianapolis a 1910. Kafin rasuwarta a 1919 ta horar da dubban mata baƙar fata, kuma ana lissafa ta a matsayin mace ta farko a Amurka da ta tara miliyan da gumin kanta. Mutane da yawa suna cewa ita ta ƙirƙiro matajin ƙarfe mai zafi. Ba haka ba ne, ta same shi ana amfani da shi. Abin da ta yi shi ne ta haɗa shi da wanke kai da man shafawa, ta mayar da shi tsari, ta sa shi a hannun matan da suka zaga gari-gari da shi. Game da ƙarfe mai baki biyu da ake matse gashi a tsakani kuwa, wani Isaac Shero ya yi rajistar irinsa a 1909.

Tsarin matajin nan sananne ne ga duk wadda aka taɓa yi mata: a wanke kai, a jira ya bushe sarai, a shafa mai, a gasa mataji, a gwada shi a jikin tsumma, sannan a ce ki riƙe kunnenki. Bayan duk wannan wahala, yayyafi kaɗan ko gumi ya isa ya mayar da gashin gidan jiya. Ruwa ya zama abokin gaba, har yara mata suka riƙa gudun iyo da wasan guje-guje.

Wannan rauni ne ya buɗe wa magani ƙofa. Garrett Morgan, baƙin Ba'amurken nan da aka fi sani da ƙirƙirar wata alamar ba da hannu ta kan titi, ya gano wani ruwa mai miƙar da gashi yayin da yake neman abin da zai hana allurar keken ɗinki ƙona yadi, ya kafa kamfani a kansa a 1913. A shekarun 1950 George Johnson na birnin Chicago ya inganta abin da muke kira rilaksa. Asalin sinadarinsa soda ce irin ta haɗa sabulu, kuma ƙulli na biyu take kwancewa, shi ya sa ruwa ba ya warware aikinta, shi ya sa kuma take cin fatar kai in ta daɗe. A ƙarshen shekarun 1960 sai matasan baƙar fata suka juya wa abin baya gaba ɗaya, suka bar suma ta tashi tim, wadda ake kira afuro, irin ta Angela Davis. A 1968 kuma wasu likitocin fata a Amurka suka yi bayanin wani sanƙo da ke fara wa mata daga tsakar kai, suka raɗa masa sunan matajin zafi. Daga baya an gane cewa dalilansa sun fi mataji yawa, har aka sauya masa suna.

Mu a ƙasar Hausa duk wannan ya iske mu da namu tsarin. Muna da kitso iri-iri, shuku da doka da zane, muna da man shanu, muna kuma da ɗaurin zare, wanda a ganina shi ne amsar da kakanninmu suka ba wannan tambaya tun kafin a haifi Godefroy: a naɗe gashi mai ɗan danshi da zare tamau, a bar shi ya bushe a miƙe, in an kwance sai a tarar ya saki ya yi tsawo, ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Ƙulli na farko ɗin nan dai shi ne ke aiki. Illa iyaka yana cin lokaci, kuma in mai kitso ta cika ja, gaban goshi ne ke biyan bashin. Da mataji da diraya da rilaksa suka iso birane, sai suka tarar da yanayin da ya dace da su rabin shekara: a hunturu iska a bushe take, gashin da aka miƙar yakan yi kwanaki, da damina kuwa kafin a isa gidan biki ya fara komawa. Akwai kuma tarkon da ya cinye tsarabar mutane da yawa: wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu ta ninka haka, don haka na'urar da aka yi don can kaɗai tana iya ƙonewa a jonawar farko.

A 2001 aka kafa kamfanin ghd a Ingila, yana sayar da ƙarfen miƙarwa mai leɓen tangaran, wanda ke raba zafi daidai a ko'ina. Har yanzu dai sharaɗin yana nan, sai gashi ya bushe. A shekarun da suka biyo baya an fito da wasu masu huji-huji a jiki don tururi ya fita, aka ce za a iya sa su a jiƙaƙƙen gashi, amma tunda ƙarfe mai zafi ne dai ke taɓa ruwa, masu gyaran gashi da dama ba su saki jiki da su ba. A 2016 kamfanin Revlon ya fito da burushi mai hura iska mai zafi daga cikinsa, ana tajewa yana busarwa, ya kuwa samu kasuwa saboda arha.

Shekarar 2023 ce aka fi kusantar warware matsalar. A cikinta ghd ya fito da Duet Style, wadda ta haɗa iska da leɓe mai matsakaicin zafi, kamfanin Dyson kuma ya fito da Airstrait, wadda ba ta da leɓe mai zafi ko kaɗan. Hannuwa biyu ne ke riƙe gashin a miƙe, wani ɗan inji da ke juyawa sama da sau dubu ɗari a minti yana feso iska ta wasu siraran tsaguna zuwa ƙasa, iskar tana kwashe ruwan yayin da gashin ke a jaye. Dabarar ita ce a daina gasa ruwan a cikin sili, a kore shi daga waje. In mai karatu ya lura, wannan ɗaurin zare ne aka sa masa inji: a riƙe a miƙe har ya bushe, sai dai abin da ke cin kwana ya koma mintoci.

Ba na son a ɗauka talla nake yi. Airstrait ta shiga kasuwar Amurka a kan dala 500 ba kaɗan, kuɗin da ya fi albashin wata na yawancinmu ma'aikata, tana kuma jan wat 1,600, abin da ƙaramin janareton gida ba zai ɗauka ba. Iska mai zafi ma zafi ce, in aka matsa mata kullum gashi zai gaya wa mai shi. Gashi mai tauri irin namu kuma sai an raba shi ƙanana-ƙanana an maimaita, ba kamar yadda ake nunawa a hoton talla ba.

Duk da haka akwai dalilin da ya sa na ɗauki abin da muhimmanci. A watan Oktoba na 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin lafiyar mata sama da 33,000 na kimanin shekara 11. An tarar cewa a cikin waɗanda ba su amfani da maganin miƙar da gashi, kimanin kashi 1.6 cikin 100 ne ake hasashen za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, a cikin masu yawan amfani da shi kuwa, wato fiye da sau huɗu a shekara, adadin ya kai kashi 4. Masu binciken alaƙa suka nuna, ba su ce sun tabbatar maganin ne sanadi ba, kuma ba su samu irin wannan alaƙa da rinin gashi ba. Wadda ta ji wannan ta ajiye rilaksa, amma tana son gashinta a miƙe ranar biki, komawa za ta yi ga zafi da iska, ko ga zare.

A can inda matajin ya yi suna kuwa, sai a 2019 jihar Kalifoniya ta zama ta farko da ta kafa dokar da ake kira CROWN, wadda ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta saboda kitso ko don ya bar gashinsa yadda Allah ya halitta shi. Shekara ɗari daidai ke nan da rasuwar Madam Walker.