Daga Kananzir ɗin Rockefeller Zuwa Google: Tsohuwar Shari'ar Babakere

Ranar 15 ga Mayu, 1911, Kotun Ƙolin Amurka ta ba kamfanin mai na Standard Oil wa'adin wata shida ya wargaje, aka raba shi gida 34. Har yau, duk lokacin da aka taso da zancen rage wa Google ko Amazon ko Meta ƙarfi, wannan hukunci ake waiwaya, kuma kowane ɓangare yana samun abin kafa hujja a cikinsa.

John D. Rockefeller ya kafa kamfanin a 1870 a garin Cleveland da ke jihar Ohio. Lokacin babu mota, kananzir na fitila shi ne riba a harkar mai. Mutumin bai cika damuwa da haƙar rijiya ba, ya bar wa masu kasada wannan. Shi matata ya riƙe, ya kuma sa ido kan hanyar da mai ke bi ya isa kasuwa. Da yake kayansa sun fi na kowa yawa, kamfanonin jirgin ƙasa suka riƙa yi masa rangwame a asirce. A 1872 aka ƙulla wata yarjejeniya da ta wuce rangwame: duk gangar da jirgi ya ɗauko wa abokin hamayya, za a yanko wani kaso daga kuɗin dakonta a miƙa wa Rockefeller da abokansa. Kamar dai direban da ya ɗauko wa maƙwabcinka buhunan albasa ya biyo ta rumfarka ya damƙa maka rabo daga kuɗin motar da maƙwabcin ya biya. Asiri ya tonu, masu rijiyoyi a Pennsylvania suka tayar da ƙayar baya, aka soke yarjejeniyar. Amma kafin ƙura ta lafa, tsoro ya riga ya yi aikinsa: cikin 'yan makonni Rockefeller ya saye matatu 22 daga cikin 26 da ke gogayya da shi a Cleveland. Zuwa 1880 kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a Amurka yana hannunsa, daga baya ya haɗa har da bututun mai.

A 1890 majalisa ta yi dokar hana babakere a kasuwa, wadda ke ɗauke da sunan Sanata John Sherman. Dokar ta daɗe ba ta ciji kowa sosai ba. Wadda ta hura wutar wata 'yar jarida ce, Ida Tarbell, wadda mahaifinta na cikin ƙananan 'yan kasuwar mai da yarjejeniyar 1872 ta girgiza. Daga 1902 zuwa 1904 ta yi ta fitar da labarin kamfanin kashi-kashi a mujallar McClure's, ba da zagi ba, da takardun kotu da lissafin kuɗin dako. Gwamnatin Theodore Roosevelt ta shigar da ƙara a 1906.

Masu kare Rockefeller suna da hujjar da ba ta raini ba. Kananzir ya yi araha ƙwarai a zamaninsa, talaka ya samu hasken dare da sauƙi. Sun kuma ce kasuwa da kanta ta fara rage masa ƙarfi kafin alƙalai su yi magana, domin an samu mai mai yawa a Texas a 1901, kamfanoni irin su Gulf da Texaco suka taso. Sannan hukuncin bai taɓa aljihunsa ba. Yana da kusan rubu'in hannun jari, sai ya wayi gari da rubu'i a kowane ɗaya daga cikin sababbin kamfanonin, daidai lokacin da motar Ford ta sa fetur ya zama zinariya. Dukiyarsa ta ninka. Biyu daga cikin 'ya'yan, Exxon da Mobil (shi dai Mobil ɗin da muka sani a gidajen mai), sun sake haɗewa a 1999.

Wannan hujja ta araha ita ce ta zama doka a aikace bayan littafin da masanin shari'a Robert Bork ya fitar a 1978, inda ya ce ma'auni ɗaya ne: shin mai saye ya cutu a farashi? Da wannan ma'auni, ta ina za a kama kamfanin da ke ba da hajarsa kyauta? An raba kamfanin tarho na AT&T a 1984, amma da wani alƙali ya ba da umarnin raba Microsoft gida biyu a 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a 2001. Daga nan aka yi shiru na tsawon shekaru, har sai da wata ɗalibar lauya, Lina Khan, ta rubuta maƙala kan Amazon a 2017 tana cewa ma'aunin Bork ya makance. A 2021 aka naɗa ta shugabar hukumar kula da gasar kasuwanci ta Amurka.

A ganina ita ce ta fi kusa da gaskiya, kuma shari'ar Google ta nuna haka. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai ƙara a Oktoban 2020. A zaman kotu aka ji cewa a 2021 kaɗai Google ya kashe sama da dala biliyan 26 domin ya zama shi ne shafin bincike da mutum zai tarar a wayarsa ko kwamfutarsa tun daga kwali, kuma Apple ya karɓi dala biliyan 20 a 2022. Mutum nawa ne ke shiga saitin waya su sauya matambayi ba ya ɓata? Wanda ya sayi wannan gurbi ya sayi hanya, abin da Rockefeller ya yi da jirgin ƙasa ke nan. A Agustan 2024 Alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya karya dokar Sherman, dokar nan dai ta 1890.

Sai dai da aka zo maganar magani a Satumban 2025, alƙalin ya ƙi tilasta wa kamfanin sayar da manhajar Chrome. Ya hana yarjejeniyar da ke toshe wa wasu ƙofa, ya ce a ba abokan hamayya wasu bayanai, amma bai hana biyan kuɗin ba. Dalilinsa shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT sun sauya fagen tun bayan shigar da ƙarar. Hujjar man Texas ce ta dawo da sabuwar riga. Shekara biyar aka yi ana shari'ar Standard Oil, biyar aka yi a ta Google, kuma a fagen fasaha shekara biyar ta isa a haifi masana'anta ta girma.

Tarayyar Turai ta gaji da jiran kotu, ta yi dokar da ke gindaya wa manyan kamfanonin intanet sharuɗɗa tun kafin su yi laifi. A Afrilun 2025 ta ci tarar Apple yuro miliyan 500, Meta kuma miliyan 200. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ma ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a 2024. Ga kamfanin da ke cin ribar biliyoyi duk wata, tara kuɗin shiga kasuwa ce kawai. Abin da ya sa ake tuna hukuncin 1911 shi ne ya raba kamfanin kansa gida-gida, kuma har yanzu babu kotun da ta yi wa wani katafaren kamfanin intanet irin haka.