Izakaya

Izakaya (da Japananci: 居酒屋) wani nau'in gidan cin abinci ne a ƙasar Japan, inda ake sayar da giya da sauran abin sha tare da abinci iri-iri a ƙananan farantai. Galibi da yamma ake buɗe shi. Abin da ya bambanta shi da mashaya shi ne, abinci da abin sha darajarsu ɗaya a wurin, kuma duk farantin da aka kawo na kowa ne a teburin. Ma'aikatan da suka tashi daga aiki, da abokai, da masoya ne suka fi zuwa.

Asalin suna da tarihi

Sunan ya fito ne daga kalmomi biyu: *i*, wato zama, da *sakaya*, wato shagon sayar da *sake*, giyar da ake yi da shinkafa. A zamanin Edo (1603–1868), birnin Edo, wanda shi ne Tokyo a yau, cike yake da leburori da masu sana'a da ba su da iyali a kusa. Masu shagunan *sake* suka fara barin su su sha a nan take, daga baya suka ƙara musu da abin taɓawa. Daga nan izakaya ya samo asali. Har yanzu da yawa na rataye jar fitilar takarda a ƙofa, shi ya sa ake kuma kiran su *akachōchin*, wato jar fitila.

Daga shekarun 1970 kamfanoni masu rassa da yawa suka shigo harkar, kamar Tsubohachi da ya fara a Sapporo a 1973, da Torikizoku da ya fara a yankin Osaka a 1985. Arhar farashinsu ta jawo ɗalibai da mata zuwa wurin da a da maza ne suka mamaye shi.

Yadda ake cin abinci

Da baƙo ya zauna, sai a miƙa masa jiƙaƙƙen tawul na goge hannu mai suna *oshibori*. Sannan a kawo masa ɗan abinci kaɗan da bai nema ba, wanda ake kira *otōshi* a yankin Tokyo, *tsukidashi* kuma a yankin Osaka. Kuɗinsa na shiga cikin lissafi a matsayin kuɗin zama, abin da kan ba baƙi daga ƙasashen waje mamaki.

Ba a yin odar abinci gaba ɗaya. Ana nema ne kaɗan-kaɗan yayin da hira ke tafiya. Daga cikin sanannun abincin akwai:
- *yakitori*: tsiren kaza da ake gasawa a kan gawayi
- *edamame*: ɗanyen waken suya da ake dafawa cikin kwasfarsa a barbaɗa gishiri
- *karaage*: soyayyen naman kaza
- *sashimi*: yankakken ɗanyen kifi
- *agedashi dōfu*: soyayyar awara cikin romo

A ƙarshe akan rufe da shinkafa ko taliya. Sau da yawa raba kuɗin ake yi daidai tsakanin waɗanda suka ci, kuma ba a ba ma'aikata tukwici.

Wurin haɗuwar jama'a da masoya

A Japan akwai tsananin kiyaye girma tsakanin shugaba da na ƙasa da shi a wurin aiki. A izakaya ne wannan ke sassautawa, har ƙaramin ma'aikaci ya iya faɗin abin da ba zai faɗa a ofis ba. A nan ake yawan yin *bōnenkai*, walimar ƙarshen shekara a watan Disamba.

Samari da 'yan mata ma kan zaɓi izakaya don fita hira, saboda ya fi manyan gidajen abinci araha da sakin jiki, kuma cin abinci a faranti ɗaya na buɗe bakin masu jin kunya. Wasu wuraren na da keɓantattun ɗakuna da ake kira *koshitsu*, inda mutum biyu za su zauna nesa da hayaniya. Haka nan a izakaya ake yawan shirya *gōkon*, zaman da rukunin maza da rukunin mata marasa aure ke yi don su san juna.

Doka da abin lura

Dokar Japan ta hana wanda bai kai shekara 20 ba shan giya. Tun watan Afrilun 2020 aka hana shan taba a cikin gidajen abinci, sai dai an ɗaga wa wasu ƙananan tsofaffin shaguna ƙafa. Wanda ba ya shan giya zai samu shayi da lemo. Amma ga Musulmi da duk mai kiyaye abin da yake ci, akwai naman alade a jerin abincin, kuma ana zuba *sake* da *mirin*, wata giyar girki mai zaƙi, a cikin miya da romo da yawa.