Turancin da Ke Tafiya Gungu-Gungu: Tarihin Yankin Jimla a Hannun Masu Nahawu

Duk wanda ya zauna jarrabawar Turanci ta WAEC ya san tambayar nan da ba ta fashi. Za a tsamo kalmomi huɗu ko biyar daga cikin labari, a ce ka faɗi sunan da nahawu ya ba su, sannan ka faɗi aikin da suke yi a jimlar. Yaro ya rubuta "yankin suna" ko "yankin bayanau" da Turanci, ya samu makinsa, ya wuce. Na daɗe ina koyar da amsar wannan tambaya a makarantar sakandare, kuma yawancin ɗalibai suna zaton tun da aka halicci Turanci haka ake nazarinsa. Ba haka ba ne. Turawan Ingila sun kwashe ɗaruruwan shekaru suna rubuta nahawun harshensu idonsu yana kan kalma guda guda, alhali harshen nasu gungu-gungu yake tafiya.

Laifin na Latin ne, ko in ce na girman da aka ba Latin. A ƙarni na 16, idan aka ce makarantar nahawu a Ingila, nahawun Latin ake nufi, da littafin William Lily wanda Sarki Henry na Takwas ya wajabta karantarwa. Da William Bullokar ya fitar da nahawun Turanci na farko a 1586, a kan tsarin Lily ya ɗora shi. To, Latin harshe ne da kalma take ɗauke da kayanta a wutsiyarta: ƙarshen suna ya canza, ka gane ko shi ne mai aiki ko shi aka yi wa; ƙarshen aikatau ya canza, ka gane wa ya yi da lokacin da ya yi. Turanci kuwa ya riga ya zubar da mafi yawan waɗannan ƙarshe-ƙarshe, ya koma dogaro da jerin kalmomi da 'yan ƙananan kalmomin da ke raka su. Sai aka wayi gari ana ɗinka wa Turanci riga da awon wani mutum daban.

Inda rigar ta fi matsewa shi ne wajen aikatau mai 'yar rakiya, irin su give up da put off da look after. A tsohon Turanci, 'yar rakiyar tana yawan maƙalewa a gaban aikatau su zama kalma ɗaya, kamar yadda Jamusanci yake yi har gobe. A hankali sai ta saki, ta koma baya, ta tsaya da ƙafarta. A daidai wannan zamani kuma, bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo ta fada da kotu da coci. Wannan ya sa Turanci ya samu hanya biyu ta faɗin abu ɗaya: manomi ya ce put off, lauya ya ce postpone, uwa ta ce put up with, limamin coci ya ce tolerate. Ba sai na faɗi wadda masu ilimi suka ɗauka ta fi daraja ba.

A 1672 marubuci John Dryden ya soki Ben Jonson, wanda ya daɗe da mutuwa, saboda ya ƙare magana da irin waɗannan ƙananan kalmomi. Daga baya ma ya koma kan wani rubutunsa na kansa yana gyara wuraren da ya yi hakan. Robert Lowth, wanda ya zama bishop na Landan, ya fi shi adalci a nahawunsa na 1762: ya yarda cewa harshen yana karkata ga wannan salo, kuma ya dace da hira, sai dai yana ganin rubutu mai nauyi ya fi kyau idan aka kauce masa. Malaman da suka biyo baya suka jefar da sassaucin, suka riƙe hanin, suka mai da shawara doka.

Mutumin da nake ɗaga wa hula a ƙarni na 18 shi ne Samuel Johnson. A gabatarwar ƙamusunsa na 1755 ya tsaya ya yi magana a kan waɗannan aikatau masu rakiya. Ya lura cewa sun yi yawa a Turanci fiye da wataƙila kowane harshe, cewa su ne suka fi ba baƙo wahala, kuma sau da yawa ma'anar gungun tana yin nisa da ma'anar kalmomin da suka haɗu suka yi shi, har ba yadda mai basira zai bi sawu ya gano ta. Saboda haka ya yi ta tattara su yana sa su a ƙamus. Ya ga ciwon sarai. Amma aji ba ƙamus ba ne, kuma littafin da ya mamaye aji na wani ne: Lindley Murray, lauya haifaffen Amurka da ya koma zama kusa da birnin York, wanda ya rubuta nahawunsa a 1795 domin wata makarantar 'yan mata. Littafin ya bazu Ingila da Amurka, aka yi ta sake buga shi, kuma da shi al'adar feɗe jimla kalma bayan kalma ta kafu: wannan suna ne, wannan aikatau ne, wannan mahaɗi ne. Yaro ya feɗe put up with gida uku, ya ba kowace kalma sunanta daidai, ya tashi bai san tana nufin haƙuri da abu ba.

A nan nakan tuna ɗalibin zaure. Wanda ya karanta Ajurruma ya saba tun da wuri da kallon jarru da majruru tare, da mulafu da mulafu ilaihi tare, yana neman gurbinsu a li'irabi. Ba na cewa nahawun Larabci ya fi na kowa, amma almajirin da ya zo ajina da wannan horo bai taɓa shan wahalar gane cewa kalmomi uku za su iya tsayawa a gurbin kalma ɗaya ba.

A Amurka aka fara zana jimla a allo. A 1877 Alonzo Reed da Brainerd Kellogg, malamai a Brooklyn, suka fitar da littafin da ya yaɗa zanen jimla: dogon layi a kwance ga ginshiƙin magana, wasu layuka a karkace suna reto a ƙasa ga abin da ke ƙarin bayani. Nan yankin jimla ya samu mazauni da ido zai gani. Sunan da ake kiran aikatau mai rakiya da shi a yau kuwa bai yaɗu ba sai a 1925, ta hannun Logan Pearsall Smith, wanda ya ce daga Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamus na Oxford, ya samo shi. Shekara 170 ke nan bayan Johnson ya yi kuka da su.

Amma ainihin aikin ba a Landan aka yi shi ba, a Tokyo aka yi. Harold Palmer ya fara koyar da Turanci a garin Verviers na Beljiyam, yaƙin 1914 ya koro shi Landan, sannan a 1922 ya tafi Japan a matsayin mai ba ma'aikatar ilimi shawara, aka kafa cibiyar binciken koyar da Turanci a 1923 ya shugabance ta. Palmer yana fama da ɗaliban da suka haddace kalmomi jibgi, amma ba su iya haɗa jimlar da Bature zai ji ta zauna masa. Ya gane cewa akwai dubban gungu da dole a koye su ɗungurungum, ba a harhaɗa su daga sassansu ba. Bature yakan ce heavy rain, ba ya cewa strong rain, kuma babu wata dokar nahawu da za ta gaya maka dalili. A 1933 cibiyar ta fitar da rahoto guda a kan irin waɗannan kalmomi masu tafiya tare.

Cikin masu taya shi akwai wani matashin malami, A. S. Hornby, wanda ya gaji aikin bayan Palmer ya bar Japan a 1936. Hornby da abokan aikinsa biyu, Gatenby da Wakefield, suka haɗa ƙamus na musamman domin wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Aka buga shi a Tokyo a 1942, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Japan da Birtaniya. A cikinsa an kasa aikatau bisa tsari 25, an nuna wane irin yanki ne ke iya biyo kowanne, an cika shi da misalai. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga shi a 1948, kuma shi ne ya girma ya zama ƙamus ɗin da kowane ɗan makaranta daga Sakkwato zuwa Yola yake kira "Oxford" kawai. Kaɗan ne cikin masu riƙe da shi suka san cewa wahalar ɗaliban Japan ce ta haife shi. A ganina wannan ba mamaki ba ne: ɗan gida ba ya jin nauyin abin da ya tsotsa a nono, sai mai koya wa baƙo ne yake ganin inda ƙafa ke tuntuɓe.

Masana harshe sun bi ta tasu hanyar. Leonard Bloomfield a 1933 ya nuna yadda jimla ke rabuwa gida-gida, kowane gida da nasa 'yan ɗakuna, Noam Chomsky kuma a 1957 ya mai da yankin suna da yankin aikatau tubalan gininsa. Iskar ta iso har kan Hausa: digirin M. K. M. Galadanci na uku a Landan, a 1969, a kan yankin suna a Hausa ya yi shi. Da kwamfuta ta zo, John Sinclair da jama'arsa a Jami'ar Birmingham suka tara miliyoyin kalmomi na rubutu da magana, suka fitar da ƙamus na COBUILD a 1987, binciken ya tabbatar da abin da Palmer ya gano da alli da allo: yawancin maganar Bature haɗaɗɗun gungu ce da ya ɗauko a shirye.

Mu a nan mun karɓi rabin gadon. Mun koyi sunayen yankuna, muna sa yara su haddace su don maki, amma ba mu cika sa su yi amfani da gungun a baki da alƙalami ba. Shi ya sa za ka ga yaro ya ci tambayar nahawu tas, ya zo rubuta wasiƙa ya ce discuss about, ko ya tsere wa put off ya kama wata doguwar kalma da bai san mazauninta ba. Ina kira ga 'yan'uwana malamai, musamman sababbin shiga: idan kun ba yaro sabuwar kalma, ku ba shi tare da abokan tafiyarta, kuma ku koya masa karanta misalan da ke ƙarƙashin kalma a ƙamus, kada ya tsaya a layin farko ya rufe littafi.