Tarihin Ƙugiya: Yadda Ɓ, Ɗ da Ƙ Suka Yi Ta Neman Gurbi a Kan Kibod

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, musamman don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau ma tarihi za mu taɓa, amma na maɓallan da ke ƙarƙashin yatsunku. Ku dubi kibod ɗin kwamfutar da ke kusa da ku. Akwai Q, akwai V, akwai X, haruffan da Hausa ba ta da aiki da su. To ina ɓ? Ina ɗ? Ina ƙ? Babu ko ɗaya. Kai, ita kanta kalmar "maɓalli" ba ta rubutuwa daidai a kansa.

Wani zai ce ai ƙaramin abu ne, mai karatu zai gane. To mu je Aliero. Kowa ya san garin da albasa da kuma masu ɗori. Ka rubuta cewa mutanen Aliero sun gwanance a gyaran ƙashi, sai ka cire ƙugiyar nan ta ƙ, ka sake karantawa. Kun ga inda maganar ta faɗa ko? Haka "baƙi sun cika kasuwar Jega" ke komawa "baki", "ƙasa" ta koma "kasa". A yankin Kabi ma abin ya fi yawa, domin inda Bakano zai ce "'ya", mutumin Maiyama "ɗiya" zai ce.

Kafin zuwan boko wannan ba matsala ba ce. Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin masarautar Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda aka daɗe ana rubuta Hausa da ajami. Wanda ya yi makarantar allo ya san kaf lasan daban, ƙaf wau daban, dal daban, ɗa mai hannu daban. Alƙalamin kara ba ya da iyaka, duk abin da hannu ya so shi yake zanawa. Rigimar ta fara ne ranar da rubutu ya koma hannun inji, domin inji yana da adadin maɓallai, kuma wani ne ya zauna ya zaɓi abin da zai hau kansu.

Wannan wanin shi ne Christopher Latham Sholes, mutumin birnin Milwaukee a Amurka. Kamfanin Remington ya fara sayar da keken rubutunsa a 1874, kuma daga nan aka gaji jerin QWERTY da muke dannawa har yau. Haruffa 26 na Ingilishi ya yi wa gurbi, don su ne buƙatar masu sayen kayansa.

A nan gida kuwa, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Daga lokacin aka yi ta laluben yadda za a nuna waɗannan sautuka. Wasu suna ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suna jingina masa waƙafi a sama. Babban ƙamus na Bargery da ya fito a 1934 da 'b da 'd da k' ya yi aiki. A cikin shekarun 1930 ɗin ne aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, ta hannun Hukumar Talifi da ke Zariya ƙarƙashin Rupert East, bisa ra'ayin masana irin su Diedrich Westermann na Jamus da ke ganin kowane sauti ya cancanci harafinsa na kansa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da littattafan Zariya, su suka kai ƙugiya cikin azuzuwa da zaurukan Arewa. Harafi na huɗu, ƴ, ya fi zama a Nijar, mu a Najeriya muka riƙe 'y.

To an ci nasara a maɗaba'a, amma a ofis fa? Tafiretar da akawu ke bugawa daga Turai aka kawo ta. Don haka mai buga takarda sai ya gama, ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana lanƙwasa kan b da d da k. In ya gaji ya bar su haka nan. Ko alamar Naira da aka fara kashewa a 1973 haka ta sha, shi ya sa za ku ga tsofaffin rasit da =N=. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki aikin haɗa jerin haruffa guda da zai wadaci manyan harsunan Najeriya, da gudummawar Farfesa Kay Williamson da fitaccen mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf. Sai dai kafin abin ya bazu, zamanin tafireta ya soma gushewa.

Kwamfuta ta zo da nata ƙuncin. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kacal ya tanada, duk don Ingilishi. Nan ne masana Hausa suka yi dabara. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa masu ƙugiya, ciki har da wanda ake kira Rabi'at, ya kuwa taimaki ɗalibai da marubuta ba kaɗan ba. Yadda irin waɗannan salo ke aiki shi ne, a nemi maɓallin da Hausa ba ta buƙata a sauya masa fuska. A wani salon ka danna } sai ƙ ta fito, ] ta ba ka ɗ, ~ ta ba ka ɓ. A wani kuma q da x da v aka ara.

Amma fa fuskar kawai aka sauya. A cikin cikinta, kwamfuta tana nan a kan cewa } ka danna. Da zarar an kai takardar wata na'urar da ba ta da wannan salo, sai asiri ya tonu. Shi ya sa har yau kuke cin karo da "}asa" da "]aya" da "xalibi" a intanet. Ɗalibin da ya buga aikinsa a wani shagon kwamfuta a Jega, ya je bugawa a takarda a Birnin Kebbi, zai iya ganin shafukansa sun cika da baka-baka kamar lissafi.

Maganin dindindin ya zo ne a shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. An yanke jihar daga Sakkwato a Agustan 1991, a Oktoba kuma kundin farko na Unicode ya fito, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa wadda ba ta canzawa a kowace na'ura. Ƙaramar ƙ lambarta U+0199, ɓ U+0253, ɗ U+0257. Wato haruffanmu sa'annin jihar Kebbi ne a cikin kwamfuta. Abin da ya rage shi ne hanyar da yatsa zai kai gare su.

Wayar salula da ta shigo a 2001 ba ta ba da wannan hanya ba. Saƙon tes yana ɗaukar harafi 160, amma da harafi ɗaya irin ƙ ya shiga, sai ya ragu zuwa 70, kuɗi ya ƙaru. Matasa suka ƙirƙiro nasu: "qauna", "6arawo", "d'aki". Marubutan littattafan WhatsApp da Facebook suka ɗora a kai. Ba lalaci ne ya kawo shi ba, rashin maɓalli ne.

Yanzu ga yadda abin yake aiki, don a nan mafita take. Idan ka danna maɓalli, ba harafi yake aikawa ba, lamba yake aikawa mai cewa an taɓa gurbi kaza. Babbar manhajar kwamfutar ce ke duba wani jadawali ta ga wane harafi aka ɗaura wa wannan gurbi. Fentin da ke kan maɓallin ba shi ke hukunci ba, jadawalin ne. Shi kuwa jadawali ana canza shi a saiti.

Tun Windows 7 da ta fito a 2009, Microsoft ta saka jadawalin Hausa a ciki. Ka shiga saiti, sashen lokaci da harshe, ka ƙara Hausa. Daga nan ka riƙe Alt na hannun dama ka danna b, d, k ko y, mai ƙugiyar za ta fito. In za ka koma Turanci, maɓalli mai tambarin Windows tare da dogon maɓallin tazara ya isa. Mai son juya wani maɓalli ya yi aikin wani, misali Caps Lock da ba kowa ke amfani da shi ba, akwai PowerToys. Akwai kuma Keyman, kyauta ne, yana aiki a kwamfuta da waya. Masu Linux suna da Hausa cikin jerin tsare-tsaren Najeriya. A waya kuwa, ka ƙara Hausa cikin harsunan Gboard, shi ke nan.

Me ya sa muka dage? Domin abin da muke bugawa yau shi ne Hausar da za a tarar gobe. Mai neman "ƙasa" a intanet ba lallai ya ga abin da aka rubuta da "qasa" ba. Ƙananan yara da ke koyon karatu a waya abin da suka gani shi za su ɗauka daidai ne. Na'urorin fassara ma daga rubutunmu suke koyo.

Aliero tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006. Ɗalibanta, da masu shagunan buga takardu a Jega, da ma'aikatan sakatariya a Maiyama, kowannensu minti biyar ya ishe shi ya gyara na'urar da ke gabansa. Mutanen Zariya sai da suka sa aka ƙera sababbin haruffan ƙarfe kafin su buga ƙ guda ɗaya. Mu saiti kawai za mu buɗe.

Ku gwada, ku rubuto mana sunan garinku ko unguwarku da ƙugiyarsa cikakkiya a ƙasan wannan rubutu. Wanda ya maƙale a wani mataki ya faɗa, 'yan uwa za su kama masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.