Wace ce Aicha Macky, mai shirya fina-finai daga Damagaram?

Aicha Macky 'yar Jamhuriyar Nijar ce mai shirya fina-finan dokumentari, wato waɗanda ke ɗauko rayuwar mutane ta zahiri ba tare da 'yan wasa ba. An haife ta a Damagaram a shekarar 1982. Ta karanci ilimin zamantakewar ɗan Adam a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, sannan ta koyi aikin fim a cibiyar IFTIC ta birnin.

Tun daga gajerun fina-finanta na farko ta nufi batutuwan da jama'a ke jin nauyin furtawa. Na 2011 ya dubi yadda ake raina mace siririya. Na 2013 kuwa ya taɓo shirun da ke tsakanin uwa da 'yarta kan sha'anin aure.

Sunanta ya fito ne a 2016 da fim ɗin L'Arbre sans fruit, ma'ana bishiyar da ba ta 'ya'ya. A cikinsa ta juya kyamara kan kanta, matar aure da ba ta samu haihuwa ba, tana magana da mahaifiyarta wadda ta rasu wajen haihuwa. Ta nuna gorin da ake yi wa irin waɗannan mata, da yadda ake ɗora musu laifi alhali ba a cika tambayar lafiyar mazajensu ba. Fim ɗin ya lashe kyautar AMAA ta dokumentari mafi kyau a wannan shekarar.

A 2021 ta koma garin haihuwarta da fim mai suna Zinder. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da a da aka keɓe wa kutare, inda matasa marasa aikin yi suka kafa gungu-gungu da ake kira palais, kwatankwacin dabar da aka sani a Kano. Cikin waɗanda ta bi akwai tsohon ɗan daba da ya koma haya da babur, da mai fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Nijeriya. Maimakon ta yanke musu hukunci, sai ta bar su suka faɗi da bakinsu yadda rashin makaranta da wariyar da suka gada suka kai su inda suke. An fara nuna fim ɗin a bikin Visions du Réel na ƙasar Suwizalan, kuma yawancin maganganun cikinsa da Hausa ne.