Tseren motoci a kan katako: wasan da ya ci zakarun Amurka

Yau za mu koma Amurka, sama da shekara ɗari baya, zamanin da ake tseren motoci a kan katako. E, katakon da kafinta ke aiki da shi!

A shekarar 1910 aka buɗe filin farko a Playa del Rey, kusa da Los Angeles. Jack Prince, tsohon ɗan tseren keke daga Ingila, shi ya gina shi. Katako ya fi kwalta araha, kuma ana iya karkata shi kamar bangon kwarya, yadda mota za ta sha kwana ba tare da direba ya rage gudu ba. A 1927 Frank Lockhart ya kai kusan kilomita 237 a awa a filin Atlantic City.

To amma katako ba ya jimirin ruwa da rana. Cikin ƴan shekaru sai ya ruɓe, ramuka su buɗe, man inji ya sa santsi. Tayar motar gaba tana fizgo tsinken katako ta watsa wa na baya a fuska. Direbobi kuwa ba bel, hularsu ma ta fata ce ko ta ƙyalle.

Masu babur sun fi shan wuya, don baburansu ba su da birki. Ran 8 ga Satumba 1912, a Newark, Eddie Hasha ya kwace ya faɗa cikin ƴan kallo. Shi da wani abokin tserensa da ƴan kallo da dama suka mutu, cikinsu har da yara.

A 1920 Gaston Chevrolet, ƙanen Louis wanda motar Chevrolet ke ɗauke da sunansa, ya mutu a filin Beverly Hills, wata shida bayan ya lashe gasar Indianapolis. Filin Altoona kaɗai ya ci zakarun wannan gasa uku: Howdy Wilcox a 1923, Joe Boyer a 1924, Ray Keech a 1929.

Duk da haka ƴan kallo ba su daina cika filayen ba. Abin da ya kashe wasan shi ne kuɗi: gyaran katako ya fi ƙarfin masu filaye, sai karayar tattalin arzikin 1929 ta zo ta ƙarasa. Farkon shekarun 1930 duk manyan filayen sun rufe.

Ku fa, me kuka gani? Laifin masu filin ne ko na masu sayen tikiti? Muna jiran ra'ayoyinku.